Matar da Ta Tsayar da Injin

Ina jiran kaya a masana'antar ruwan kwalba, idona na kan wata ma'aikaciya. Siririya ce, furfura na leƙowa ta ƙarƙashin hularta, tana bin kwalaben da ke wucewa da kallo. Sai ta danna jan maɓalli, injin ya tsaya cak.

Shugaban sashe ya taho a fusace. "Inna, wa ya sa ki? Mota na jira."

Ta miƙa masa kwalba mai fasasshen murfi. "Ranka ya daɗe, ku kuka ce duk wanda ya ga aibi ya tsayar. Wannan ce ta biyar."

Ina jin ta daɗe tana gani tana haɗiyewa, don tsoron rasa aikin.

Ya jujjuya kwalbar yana dubawa. Can ya ce, "A kira makaniki." Bai kalle ta ba, amma sai lokacin ta sauke numfashi.