Baba Ya Yi Langa a Ɗakin Gashi

"Sanusi, ɗaga ƙafar hagu, ka yi tsalle da ta dama." Sau uku ina faɗa, yana tsaye yana gumi.

Ɗan ƙwallo ne daga Tsaskiya, wata biyar muna fama da gwiwarsa ta dama a ɗakinmu na gashin ƙashi a Safana. Gwiwa ta warke, saura tsoro. In bai yi tsallen nan ba, ba zan bari ya koma fili ba.

Mahaifinsa, dattijo manomi, yana zaune a benci. Sai ya ce, "Likita, wannan ai langa ce."

Na ce, "Kusan haka ne, Baba."

"To, a zamanina ba a taɓa kada ni ba."

Kafin in yi magana ya ajiye hula, ya naɗe riga, ya kamo ƙafarsa ta baya. Sai ga Baba yana tsalle, gemu na rawa, ya nufo ɗansa da kafaɗa. "Kauce ko in kada ka."

Sanusi ya fashe da dariya, ya kamo ta hagu ya tsere. Sai da ya zagaye gado sau biyu kafin ya lura da ƙafar da yake kai. Ya tsaya, ya dube ni. Na ce ranar Asabar ya fara atisaye.

Baba kuwa sai da na gasa masa ƙugu kafin su tafi.

Har yanzu dariya nake. Abokan aiki, yaya kuke yi da wanda jikinsa ya warke amma zuciyarsa ba ta yarda ba?