Kwalabe Biyar da Ka Bari Ba Rubutu

Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Mayu, ina tsakiyar jarrabawar lissafi aka leƙo aji aka kira ni. A ofishin shugabar makaranta na tarar da Kawu Ƙarami zaune, hularsa a hannu. Ya ce Allah Ya yi wa Kaka rasuwa da hantsi, a garejinsa. Na Allah muke, wurinSa kuma za mu koma. Abin da ya fito daga bakina shi ne ban gama tambaya ta huɗu ba. Har yau ina jin kunyar wannan magana.

Kaka, shekara arba'in da wani abu ka yi kana tayar da tsofaffin motocin da kowa ya sallama. Ban taɓa jin ka yi wa motar wani dariya ba, ko da da igiya aka ɗaure ƙofarta. Ranar da na faɗi jarrabawar kimiyya na ɓuya a bayan tayoyi, ba ka yi mini faɗa ba. Ka ce, "Malama, zo ki taya ni ƙirge."

Lokacin kana kan aikin koriyar motarka. Ka yi wa Iya, kakata, alkawari cewa za ka kai ta wurin ƙanwarta ba tare da gargada ta taɓa mata bayanta mai ciwo ba. Shokozobar motar, wato abin da ke shanye gargada, irin ta da ce, ba a canza ta, noti ake kwancewa a zuba mata mai. Kakan jingina wani tsohon gilashin taga, ka ɗiga mai a sama, ni kuma in ƙirga har ya gangaro. Ka ce wanda ya sauko a tara shi ne nata. Ka cika shokozoba uku. Ta huɗun, ta baya wajen da Iya ke zama, ita ka bari, tare da kwalaben mai biyar a kan kanta, babu rubutu ko a ɗaya.

Bayan mako biyu kawunnaina suka ce za su cika maka alkawari. Kawu Babba ya ce, "Mai ai mai ne, a zuba na birki." Kawu Ƙarami ya ce, "Yaya, kai da ko facin keke ba ka taɓa yi ba? Baƙin mai za a sa." Ina tsaye a bakin ƙofa. Na tuna ka ce man birki cinye robar ciki yake, kuma irin robar nan ta ƙare a kasuwa. Baƙin mai kuwa ya yi kauri, ga kumfa. Da ƙyar na ce su ba ni kwana ɗaya.

Kaka, na ƙirga. Kwalba biyu suka ba ni tara. Na sake da rana, ɗaya ta ba ni bakwai, ɗaya takwas. Sauri nake yi ne? Zafi ne ya tsinka su? Daga baya ma na fara shakkar ko tara ka ce ko bakwai. Na zauna a kujerarka na rasa wanda zan tambaya, don kai nake tambaya kullum.

A nan Iya ta same ni. Ta dubi gilashin ta ce, "Ke Malama, mutumin nan bai taɓa aiki da ƙirgenki ba. Ɗigo biyu yake jerawa, na cikin motar da sabo, ya ga ko za su sauko tare. Ƙirgen don ki daina kuka ne."

Na samo sirinji na zuƙo kaɗan daga cikin shokozoba ɗaya da ka cika, na jera shi da sauran. Kwalba ta uku ce ta sauko kafaɗa da kafaɗa da shi. Kawu Ƙarami ya zuba, ya ɗaure noti, ya danna bayan motar. Ta taso sau ɗaya ta tsaya cak, yadda kake so. Na juya in gaya maka.

Har yanzu ban gane ba, Kaka. Wata uku ina ƙirge da gaske, kai kuma kana gyaɗa kai da gaske. Ban sani ba ko in ji haushi ko in gode. Iya dai ta je wurin ƙanwarta ta dawo, ta ce bayanta lafiya, hawaye ne kawai suka hana ta ganin hanya.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina yi wa Iya, da Mama, da kawunnaina biyu ta'aziyya. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya kyautata namu ƙarshen. Na rubuta wa kwalba ta uku suna. Sauran huɗun na bar su yadda ka bar su.