Gayyar Ambato da Haƙorin Baba

Ƙarin girman da aka yi mini a jami'a yakan kwanta mini a rai, amma zuwan da na yi gida da albishirinsa, wannan kam sai dai a binne ni da shi.

Ina koyar da aikin haƙori a lokacin, shekarun da albashi ke zuwa in ya ga dama. A wurinmu ba a auna malami da yawan bakin da ya leƙa. Takardun bincikensa ake ƙirgawa, sannan a duba sau nawa wasu masana suka ambace su a nasu rubutun. Nawa kuwa ko ƙuda bai sauka a kansu ba. Sai mu huɗu muka haɗa baki: duk wanda ya yi rubutu ya ambaci sauran ukun, ko zancen ya biyo ta kansu ko bai biyo ba. Kafin damina biyu mun zama manyan masana.

Na tarar da Baba a zaure, a ƙauyenmu wajen Minjibir, an tashi daga karatu. Malami ne da ba ya yanke magana sai ya faɗi littafin da ya gan ta. Na yi masa albishir, na bayyana masa dabarar da muka yi ina ta fara'a.

“Kamar gayya ce, Baba. Yau a gonata, gobe a ta wani.”

“A gayya ai ana kama fartanya,” in ji shi. “Su waɗanda ka ambata, me suka ce?”

“Ban karanta duka ba.”

“Nawa ka karanta?”

Na tsaya nazarin saƙar tabarma.

“To,” ya ce. “Allah Ya sa albarka.”

Da na shiga cikin gida Inna ta ce mini kwanansa tara yana fama da haƙori, ko kunu da ƙyar, ya hana kowa taɓawa wai sai ɗansa ya zo. Kayan aikina suna mota. Na aika masa cewa da safe zan duba.

Da safe babu Baba, babu kekensa. Sai da hantsi ya dawo daga wurin wanzami, auduga cushe a kumatu, jini a gaban riga. Raina ya ɓaci, kunya kuma ta fi ɓacin ran yawa.

“Baba, ɗanka fa likitan haƙori ne.”

Ya tofar, ya jingine keken a hankali.

“Haka na ji ana ambata. Shi wanzamin na ga aikinsa da idona.”

Muƙamin yana nan, har yau da shi ake kirana. Amma tun daga ranar ban sake jingina sunana da maganar da ban karanta ba, don na gane shaidar da ka nema wa kanka ko a zauren ubanka ba ta karɓuwa.