Zoben Baba a Taɓon Fadama

Jiya ina dashen shinkafa a fadamar Auyo, zoben azurfar da marigayi Baba ya bar min ya suɓuce cikin taɓo. Na lalube har na haƙura.

Sai ga maƙwabcina Malam Yohanna da na'urarsa ta gano ƙarfe. Yana kaɗa ta dab da ƙasa, a hankali. Ta yi ƙara, muka tono ƙusa. Ta sake, murfin lemo.

Na ce, "Malam, anya ba ruɗar mu take ba?"

Ya ce, "Ƙarfe kawai take ji, ba ta san naka ba. In bai yi zurfi ba, za mu same shi."

Kafin la'asar zoben yana yatsana. Wallahi haƙurin mutumin nan ya fi na'urar burge ni.

Ku kun taɓa ganin aikinta?