Kwanon Inna na Ranar Juma'a

Assalamu alaikum. Na san na yi ɓatan dabo. Masu cewa kuɗi na samu na manta da mutane, ku yi haƙuri, ba kuɗi ba ne, ciki ne.

Abin ya faro da kumburi. Da na ci abinci sai cikina ya tashi kamar ganga. Daga nan gudawa, kasala, jiri ina tsaye gaban allo ina koyar da yara. Na rame har zobena ya fara zamewa.

An ce olsa ce. An ce taifot. An ce basir, na sha jiƙe-jiƙe har harshena ya daina jin ɗaci.

Duk wannan lokacin Inna, mahaifiyata, tana jinyata da abin da ta fi iyawa. Duk unguwar Gyaɗi-Gyaɗi an san funkasonta da alkakinta, da su ta rene mu bayan rasuwar Baba. Kowace Juma'a kwanonta yana iso min Tarauni, funkaso da miyar taushe. Da ta ga ina ƙarewa sai ta mayar da shi kullum. "Ki ci ki yi kumari," in ji ta.

Ni kuwa ina ci, ina ƙara lalacewa.

Mijina a Fatakwal yake aiki, don haka ni kaɗai nake bin layin kati a asibiti, ni kaɗai a benci. Aka ɗebi jini, aka sake ɗiba. Aka zura min siririn bututu mai kyamara ta baki, aka gutsuro ɗan naman hanji. Sai da na sayar da 'yan kunnena kafin a yi wannan. Kafin sakamako ya fito na gama yanke wa kaina cewa ciwon daji ne, har na fara tunanin wa zan bar wa yarana.

Likita ya ce, "Malama, ba daji ba ne. Hanjinki ne ba ya shiri da alkama. Akwai wani sinadari a cikinta, gulutin, shi yake cinye ki."

Na ce to a rubuta min magani.

Ya ce, "Babu ƙwaya. Barin ta shi ne maganin, kuma har abada."

Wallahi dariya na yi don murna. Sai a cikin adaidaita na fara lissafi: burodi, taliya, gurasa, fanke, cincin, tuwon semo. Da na zo kan funkaso sai dariyar ta ɗauke.

Na tarar da Inna tana kwaɓi, na faɗa mata. Ta ci gaba da kwaɓinta, ta ce:

"Wato ni nake ba ki ciwon ke nan."

"Inna, ba ke ba ce, alkama ce."

"Ita alkamar da ƙafarta take zuwa Tarauni?"

Daga ranar kwano ya ɗauke, ko Juma'ar nan bai zo ba. Ta gaba ma haka. In na kira ta, gaisuwa ce kawai, "lafiya lau, a gaida yara."

Jikina ya fara dawowa, amma kaɗaici ya ishe ni. A gidan suna na ƙi cin taliya, wata gwaggona ta ce yadda kowa zai ji, "Ku ƙyale ta, tsoron sammu take." Wasu suka ce iyayi ne na 'yan boko. Na yi ta bayani har na gaji, ga ni da saurin hawa, na faɗa wa wasu maganar da ba ta da daɗi. Sai aka daina yi min tayi gaba ɗaya. A sauke tire, kowa ya ce bismillah, a tsallake ni. Wannan ya fi gudawar ciwo.

Rannan na sake kwanciya, har da ƙarin ruwa. Tuwon masara kawai na ci. Ashe an niƙa garin a injin da ya gama niƙa alkama.

Inna ta zo asibiti hannu rabbana. Tunda nake ban taɓa ganin ta je duba mara lafiya ba kwano ba. Ta zauna ta rasa inda za ta sa hannuwanta. Ta ce, "Wannan karon me kika ci?" Na faɗa mata zancen inji. Ta ce, "Uhm."

Juma'ar da ta biyo bayan sallamata, sai ga ta da kanta da sabon kwano, ko takardar jikinsa ba a ɓare ba. Wainar gero ce da miyar taushe.

"Turmin sabo ne, rariyar ma sabuwa," in ji ta. "A tsakar gidan maƙwabta na daka, don gidana ko iskarsa alkama ce."

Tsohuwa mai ciwon kafaɗa. Na ga bororo a tafin hannunta, ta yi maza ta rufe da mayafi.

Washegari da sassafe ta kira. "Cikin ya tashi?"

Na ce a'a.

Na ji ta ja hanci, sannan ta ce, "To, sai Juma'a."

Alhamdulillahi, yau jinina ya cika, zobena ya zauna. Na gode wa Allah, na gode wa likitocin da ba su gaji da ni ba, da maƙwabciyata 'yar Filato da ta koya min tuwon acca.

Mai irin ciwona, ka je a gwada ka kafin ka bar alkama, in ka bari tun farko gwajin ba zai nuna ba. Ka tambayi mai waina da mai ɗanwake ko sun sa fulawa. Ka kula da inji, ka karanta jikin dunƙulen miya.

Ku kuma 'yan uwa, abincin wani gubar wani. Har yau a gidan biki ni kaɗai nake buɗe kulata a gefe. Ku dai ce min bismillah. Ba zan ci ba, amma zan matso.