Kiran Iya a Cikin Kaset

A gidanmu na Daudawa, da an idar da magariba kakarmu Iya za ta jawo ƙwaryar audugarta kusa da murhu, mu jikoki mu kewaye ta. Ba ta fara tatsuniya sai ta kira sunan kowa ya amsa. Ni Rabi ni ce ƙarama, sunana ke zuwa ƙarshe, kuma na fi kowa tsoro.

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta yarinyar da ta je itace, ta ji an kira ta daga cikin kurmi da muryar uwarta, ta amsa. Ta dawo gida lafiya lau, sai dai ba murya. Muryar tana can dawa tana kiran wasu. Nan Iya kan tsayar da mazari ta ce, "In ba ku ga mai kira ba kada ku amsa, ko da muryata ce."

Wata shekara ma'aikatan gidan talabijin suka zo suka ɗauki hotonta tana tatsuniya da rana, don na'urarsu ba ta gani a duhu. Ranar ina ɗaki, ƙyanda ta kwantar da ni.

Bara yayana ya samo kaset ɗin. Lokacin Iya ta shekara talatin a ƙasa, muryarta ta ɓace mini, abin yana ci mini rai. Na kai kaset ɗin Funtuwa wurin wani dattijo mai juye tsofaffin kaset cikin kwamfuta. Ya duba ya ce, "Hajiya, funfuna ta cinye shi. Sau guda zai zagaya, abin da aka kama shi ke nan."

Hoto bai fito ba, sai yayyafin fari da baƙi. Can sai ga muryar Iya tana kiran sunaye, yara suna amsawa, biyu a cikinsu sun daɗe da rasuwa.

"Rabi."

Shiru.

"Rabi."

Ban ga mai kira ba.

"Mi ya hana Rabi amsawa? Ba ni farawa sai ta amsa."

Na ce, "Na'am, Iya."

Ta ce, "Yauwa." Sai zaren kaset ɗin ya tsinke.

Dattijon ya ce ƙila na amsa daga ɗaki a wancan lokacin, na'ura ba ta kama ba. Ban yi masa musu ba.

Da na ɗauka tsoratar da mu kawai take yi. Yanzu na gane ta san akwai kiran da mutum ba ya iya ƙi. Abin da aka kama yana cikin wayata. Jikokina ba sa son in kunna, wai ina amsa wa matacciya. Ni kuwa ba na iya barin ta tana jira.