Ranar da Na Sa Aka Cire Mai Suyar Farce daga Na'ura

Ni mace ce da ba ta taɓa zama a aji ba, wannan ma faɗa nake yi, 'yata tana rubutawa. A shekarun da nake magana ina da gidan haɗa humra da turaren wuta a unguwar Bulumkutu, da mata masu aiki a ƙarƙashina. An san ni da tsanani da sa ido. Ko murfin kwalba aka bari a karkace, daga bakin ƙofa zan gani.

Da ciniki ya yi yawa, 'yata ta kawo manhajar da ke tsara aiki a kwamfuta. Ta ce idan mai saye ya nemi kayan ƙamshin amarya, na'urar za ta lissafa ranar da za a gama, ta aika masa alkawari a waya. Amma sai an gaya mata abin da ke ƙarƙashin kowane abu. Kayan amarya suna jiran humra, humra tana jiran garin farce, wato farcen turare, garin yana jiran a jiƙa farcen, a kankare, a soya. Kowane mataki da mai yinsa da lokacin da yake ci.

Mai suyar farcenmu wata tsohuwa ce da na gada daga mahaifiyata, kowa Ya yake ce mata. Ɗakinta yana can ƙarshen gida saboda ƙaurin suyar, kuma hannunta ba ya sauri. Saboda ita, duk ranar da na'ura ta bayar sai ta yi nisa, masu saye daga GRA suka fara komawa wurin wasu. Na kira 'yata na ce ta gaya wa na'urar cewa soyayyen farce kullum akwai shi a ajiye, ba ya ƙarewa. Ta ce Mama, idan an yi haka na'ura za ta daina ganin Ya gaba ɗaya, za ta riƙa alkawari kamar farcen daga sama yake faɗowa. Na ce mata ni na haife ta ko na'ura? Ta danna yadda na ce.

Ranakun suka matso, masu saye suka dawo har da ƙari. Na'ura tana alkawari ba ta tambayar kowa, mu kuma muna cikawa, domin Ya ta daina fitowa daga ɗakin sai da ƙyar, dare da rana tana suya. Wata rana da la'asar ta tare ni a tsakar gida, idanunta jajaye, ta ce ta ji 'yan mata suna cewa an goge ta a cikin akwatin, wato kwamfutar. Ta yi 'yar dariya, ta tambaye ni ko wanda aka goge da ransa ana ci gaba da zuba masa abinci. Na ce ta bar surutu ta koma kan kaskonta.

Abin da har yau yake tayar mini da tsikar jiki shi ne, daga lokacin mu ma muka daina ganinta. Ba wanda ya shirya haka. Garin farce dai muna tarar da shi a ƙwarya a bakin ƙofarta, a ɗauka, a mayar da ƙwaryar. Tarinta ya zama kamar kukan injin maƙwabta, kunne ya saba. Ni mai ganin murfin kwalba, ban lura ta daina zuwa cin abinci ba.

Ranar da aka tarar da ƙwaryar babu komai, faɗa na tafi yi. Na tura ƙofa na same ta zaune ta jingina da bango, ludayi a hannunta, kaskon ya yi sanyi. Allah ya riga ya karɓi abinsa. Muna cikin yi mata wanka wayar 'yata ta yi ƙara. Na'ura ce take sanar da ita ta aika wa wata mata alkawarin kayanta, domin a wurinta farce akwai. Har aka yi sadakar uku tana ta alkawari, ba wanda ya tuna ya tsayar da ita. Ɗakin a kulle yake tun ranar, amma wani lokaci da la'asar nakan ji ƙaurin suya yana fitowa. 'Yata ta ce bango ne ya sha hayaƙi. Wataƙila.

Na sa aka mayar da matakin suyar a cikin na'ura. Na'ura ta tambayi wa ke yinsa da tsawon lokacin da yake ci. Muka dubi juna. Lokacin da aka sa tun farko Ya ce ta faɗa da bakinta, kuma ya tafi da gogewar. Shekaru da shekaru tana gidana, ba wanda ya taɓa zama kusa da ita ya gani. Wurin da na'ura take rubuta ranar gamawa ya tsaya fari fat, na daina karɓar aikin amare.

'Yan'uwana masu sana'a, na'ura ba ta ƙarya, abin da kuka gaya mata take yi wa mutane alkawari da shi. Duk lokacin da ranar alkawari ta matso kusa ba tare da an ƙara hannu ba, ku tashi ku zaga har ƙarshen gida, akwai wanda yake biyan ta da jikinsa. Ku taya ni roƙa wa Ya rahama. Ni kuma ban san da bakin da zan nemi yafiyarta ba.